Suna Ba Ya Jan Tarago: Abin Da Kishin Reluwe Ya Koya Wa Gwandu Da Kalgo

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya buɗe taswirar hanyoyin jirgin ƙasa na Nijeriya, ya kai dubansa kusurwar arewa maso yamma, zai tarar da wani fili fetal wanda babu ko ɗigon layi a cikinsa. Dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya je Ƙauran Namoda ya tsaya cik tun shekarar 1929, kuma daga can har iyakar Kamba ba a taɓa shimfiɗa ko taku ɗaya ba. A cikin wannan fili ne Gwandu da Kalgo suke, tare da sauran Jihar Kebbi baki ɗayanta. Yau ana neman shekara ɗari ke nan manomin albasa da na shinkafa a wannan yanki yana jin labarin jirgin ƙasa a bakin matafiya, alhali kuwa bai taɓa jin kukansa a bayan gari ba.

A cikin waɗannan shekaru an sake wa reluwen ƙasar nan suna ba sau ɗaya ba, an sake masa fenti da tambari, an kawo masu gudanarwa daga ƙasashen waje an mai da su, an raɗa wa tashoshi sunayen manya. A ganina ya kamata mutanen Gwandu da Kalgo su san tarihin waɗannan sunaye, domin kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da labarin wata takara da aka yi a kan kaya da kuɗi, kuma sakamakon wannan takara shi ne ya bar su a bayan fage. Wanda bai san yadda aka yi aka tsallake shi jiya ba, da wuya ya hana a sake tsallake shi gobe.

KISHIYOYI BIYU

Kafin a haɗa Nijeriya ta zama ƙasa ɗaya, Turawan Ingila suna da gwamnatoci dabam-dabam a nan, kowace da gwamnanta da baitulmalinta, kuma kowace tana kishin 'yar'uwarta. Gwamnatin Ikko ce ta fara aikin dogo a 1896, ta raɗa masa suna Lagos Government Railway, wato Reluwen Gwamnatin Ikko. Wannan dogo ya isa Badun a 1901, ya isa Ilori a 1908, sa'an nan ya kai bakin kogin Kwara a Jebba a 1909. Gwamnan Kudu na wancan lokaci, Sir Walter Egerton, babban burinsa shi ne dogon ya ƙetare kogi ya zarce har Kano, domin duk fata da auduga da Arewa za ta fitar su sauka a tashar jiragen ruwa ta Ikko, cinikin da kuɗin kwastan su zama nasa.

Turawan da ke mulkin Arewa kuwa ba su so haka ba. Tun zamanin Lugga ra'ayinsu shi ne Arewa ta sami nata dogon, wanda zai taso daga bakin Kwara ya nufi Kano, a riƙa sauke kaya a jiragen ruwa su gangara teku ba tare da an bi ta hannun Ikko ba. Da Sir Percy Girouard ya gaji Lugga a 1907 sai wannan ra'ayi ya sami mai aiwatar da shi, domin shi injiniyan soja ne, mutumin Kanada, wanda ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. A wannan shekara Landan ta amince, aka fara aiki daga wani ƙauye da ake kira Baro, aka raɗa wa hanyar suna Baro-Kano Railway. Tsawonta mil 350 da 'yan kai, kuma a 1911 ƙarafanta suka isa Kano.

To, mai karatu ya lura da sunayen nan biyu. Na farko yana faɗin gwamnatin da ta mallaki hanyar, na biyu yana faɗin inda za a ɗauko kaya da inda za a sauke su. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ambaci dubban talakawan da aka tara ta hannun sarakuna da hakimai suka sare daji, suka haƙa ƙasa, suka ɗauki kwanduna a ka. Su dai waɗannan mutane sunan da suka san aikin da shi shi ne aikin diga, kuma da wannan suna ne Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya ajiye labarinsa a cikin Waƙar Diga.

Takarar ba ta daɗe ba. Manyan jiragen ruwa ba sa iya zuwa Baro sai a watannin da Kwara ta cika, kuma kayan da suka bi ta can sai an sauke an sake lodi kafin su kai teku. Da dogon Ikko ya haɗu da na Baro a Minna, sai 'yan kasuwa suka zaɓi hanyar da ba ta jiran damina. A watan Oktoba na 1912 aka haɗa hanyoyin biyu a ƙarƙashin hukuma ɗaya, aka goge tsofaffin sunayen, aka kira su Nigerian Railway. Wato an haɗa dogo kafin a haɗa ƙasa, domin sai ran 1 ga Janairu 1914 Arewa da Kudu suka zama ɗaya. Reshen Baro, wanda dā shi ne uwar hanya, sai ya koma ɗan rakiya, daga baya ciyawa ta cinye shi.

YADDA AKA TSALLAKE GWANDU

Akwai wani abin mamaki a nan wanda ba a cika faɗinsa ba. Dukan hanyoyin nan biyu sun ratsa ƙasashen da a dā Gwandu ce ke naɗa musu sarki. Tun da aka raba kula da daular Usmaniyya, aka ba Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ɓangaren yamma, ƙasar Nufe da ta Ilori suna kai caffa Gwandu ne. Baro a ƙasar Agaye take, cikin Nufe. Ilori kuwa ita ce babbar tashar dogon Ikko kafin Jebba. Ga shi an kai jirgi ƙasashen da ke biye, amma birnin da suke bi bai sami ko alkawari ba. A farkon zamanin Turawan ma aka ɗauke mazaunin Sarkin Gwandu aka mai da shi Birnin Kebbi, aka bar tsohon birnin da tarihinsa da hubbaren Malam Abdullahi.

Dalilin tsallakewar ba ɓoyayye ba ne. Babu ɗaya daga cikin masu takarar nan da ya ga abin da zai ci a kwarin gulbin Kebbi. Masu masaƙun Ingila auduga suke nema, shi ya sa aka nufi Zariya da Kano, ko da yake a ƙarshe gyaɗa ce ta cika taragu tun daga 1912. Da aka miƙa reshe zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, auduga da gyaɗar Zamfara aka biyo, kuma inda suka ƙare nan dogo ya ƙare. Shinkafa da gero da albasa da kifi abincin 'yan ƙasa ne, ba a lodinsu zuwa Liverpool, saboda haka ba su shiga lissafi ba.

Da ma a ce tsallakewa kaɗai aka yi, da da sauƙi. Kafin zuwan jirgi, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fatauci na ƙasar Hausa ta wannan yanki take bi. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ratsa ta nan da jakunansu, su yada zango, su ƙetare Kwara su nufi Salaga, kuma kasuwar Jega tana cikin kasuwannin da suka yi suna a wannan hanya. Da jirgi ya isa Kano sai goron ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan a loda shi a tarago ya iso Arewa cikin 'yan kwanaki, maimakon watannin da madugu yake yi a hanya. Masu masauki da dillalai da masu fito a bakin kogi duk suka rasa abin yi. Funtuwa da Gusau, waɗanda dogo ya bi ta kansu, suka bunƙasa, garuruwan hanyar ayari kuwa suka tsaya inda suke.

SUNA DABAM, AIKI DABAM

Hausawa sun ce suna linzami ne, amma a tarihin reluwen ƙasar nan sau da yawa linzamin ba ya kai doki inda sunan ya nuna. Alal misali, akwai wata siririyar hanya da aka gama a 1914 mai suna Bauchi Light Railway. Wanda ya ji sunan zai zaci garin Bauci ta nufa, alhali daga Zariya ta taso ta tsaya Bukur a ƙasar Jos, domin kwaso kuza. Faɗinta ƙafa biyu da inci shida ne, sauran hanyoyin ƙasar kuwa ƙafa uku da inci shida, don haka duk abin da ta ɗauko sai an sauke shi a Zariya an sake masa tarago. Da babban dogo ya iso Jos daga Kafancan sai amfaninta ya ragu, aka rufe ta a 1957. Mutanen Bauci ba su ga jirgi a garinsu ba sai da aka yi aikin miƙa dogo zuwa Barno, wanda ya isa Maiduguri a 1964.

A 1955 aka sake yin wani sabon suna, aka mai da ma'aikatar ta zama hukuma mai cin gashin kanta, Nigerian Railway Corporation, sunan da take amsawa har yau. A 1964 ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, daga nan kuma sai aka shiga gangara. A wannan karo abokin takarar babbar mota ce, wadda take zuwa har bakin gona, ba ta da lokacin tashi, ba ta jiran tasha. Tsakanin 1979 da 1982 aka ɗauko kamfanin RITES na ƙasar Indiya ya riƙe ragamar hukumar, abubuwa suka ɗan gyaru, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 2016 aka buɗe sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna, a 2021 ta Ikko zuwa Badun, dukansu aikin kamfanin CCECC na ƙasar Sin, masu faɗin ƙafa huɗu da inci takwas da rabi. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta raɗa wa sababbin tashoshi sunayen fitattun 'yan ƙasa. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangila. Duk wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma a cikin duk waɗannan sunaye babu wanda ya matso da dogo taku ɗaya yamma da Ƙauran Namoda.

Bugu da ƙari, yanzu ƙasar nan tana da dogo iri biyu, tsoho siriri da sabo mai faɗi, kuma taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Ingila ta taɓa faɗawa cikin irin wannan rami. Kamfanin Great Western ya shimfiɗa nasa dogon da faɗin ƙafa bakwai, sauran kamfanoni suka tsaya a kan ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, kowa yana cewa nasa ne daidai. Sai da majalisar dokoki ta tsoma baki a 1846, amma duk da haka ba a gama tumɓuke mai faɗin ba sai 1892. A tsakanin nan masu kaya ne suka biya kuɗin saukewa da sake lodi a duk mahaɗar da hanyoyin suka gamu.

GANI GA WANE

Ba sai mun je Ingila ba, domin darasin yana nan a maƙwabta, tsallaken iyakar Kamba. Dogon da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano ya tsaya a Faraku tun 1936, kamar yadda namu ya tsaya a Ƙauran Namoda. Shekara da shekaru hukumar da ke gudanar da shi tana ɗauke da sunan ƙasashen Binin da Nijar duka biyu, alhali babu ko taku ɗaya na dogon a cikin Nijar. Da aka tashi cike giɓin sai kamfanoni biyu suka yi karo: Petrolin na attajirin Binin Samuel Dossou, wanda ya ce shi aka fara ba aikin, da kuma Bolloré na Faransa. Bolloré ya fara aiki daga Yamai a 2014, ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a farkon 2016. Petrolin kuwa ya kai ƙara, kotunan Binin suka ba shi gaskiya, har Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2017. Har faɗin dogon ma ba su daidaita a kai ba, ɗaya yana son na mita ɗaya, ɗaya yana son mai faɗi. Ƙarshenta ga tasha an gina an yi mata fenti, ga dogo a shimfiɗe, amma bai haɗu da na Faraku ba, balle ya kai kaya teku. Mutanen Doso da Gaya 'yan'uwan mutanen Kebbi ne, kasuwa ɗaya suke ci, kuma abin da ya same su ya isa ishara.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Dalilin tono wannan tarihi shi ne, a watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulkin ƙasar nan, aka fitar da harkar jirgin ƙasa daga cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko da su. Yanzu jiha ma tana iya yin dokarta ta shimfiɗa dogonta, kuma Jihar Ikko ta riga ta buɗe hanyoyi biyu a cikin birni, masu suna Blue Line da Red Line. Wannan dama ce, amma akwai haɗari a cikinta, domin tana iya mai da mu zamanin Egerton da Girouard, inda kowane gwamna zai so a ga sunan jiharsa a jikin tarago, ko da hanyar ba ta haɗu da ta kowa ba. Dogon da zai taso daga Birnin Kebbi ya tsaya a iyakar jiha ɗan'uwan na Doso ne.

Saboda haka abu na farko shi ne haɗa kai. Kebbi da Sakkwato da Zamfara jiha ɗaya ce har zuwa 1991, kuma matsalarsu ɗaya ce a wannan fanni. Ya kamata su je wa Gwamnatin Tarayya da murya ɗaya da taswira ɗaya, wadda za ta ɗauko hanya daga Gusau ta kai Sakkwato, ta gangaro ta ƙasar Gwandu zuwa Birnin Kebbi, ta bi ta Kalgo ta nufi Kamba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma tun kafin a sa hannu a kowace takarda a tabbatar faɗin dogon ya yi daidai da na sababbin hanyoyin ƙasa, don kada jikokinmu su gaji wata Bauchi Light Railway.

Abu na biyu shi ne lissafin kaya. Mun ga cewa tun farko kaya ne ke jawo dogo, kuma an tsallake wannan yanki ne don ba a lissafa abin da yake nomawa ba. Yau al'amarin ya canja. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a 2015, ga manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, ga albasar Aliero da Gwandu da ake kaiwa har Kudu da ƙasashen maƙwabta, ga dabbobi. A 2016 gwamnatocin Ikko da Kebbi suka fito da shinkafa mai suna Lake Rice, inda aka haɗa farkon sunayen jihohin biyu. Suna ne mai daɗin ji, amma kowane buhu a bayan babbar mota ya yi wannan doguwar tafiya, kuma kuɗin motar a kan mai saye da manomi ya faɗa. Kalgo tana kan mararraba, inda hanyar da ta fito daga Birnin Kebbi ta rabu, ɗaya ta nufi Jega, ɗaya ta nufi Bunza da Kamba, kuma Jami'ar Tarayya tana nan a kan hanyar Bunza. Me zai hana ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo su haɗa gwiwa da jami'ar, a ƙirga manyan motocin da ke wucewa da irin kayan da suke ɗauke da shi, wata bayan wata, har shekara ta zagayo? Da irin wannan lissafi ake shawo kan mai ba da rance, ba da jawabin maraba ba.

Abu na uku shi ne filin da dogon zai bi. Garuruwan nan suna faɗaɗa, filin da ake noma bana baɗi gidaje ne. Idan aka shata hanya tun yanzu, aka biya masu gonaki diyya ta gaskiya tare da sanin hakimai da masu unguwanni, an rage rabin rigimar gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san akwai masu cewa wannan duk mafarki ne, dogo yana da tsada, jihohin nan da ƙyar suke biyan albashi, ga kuma rashin tsaro a dazuzzukan Zamfara, balle an ga harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022. Maganarsu tana da nauyi, kuma ba na cewa a bar gyaran hanyoyin mota a zauna jiran jirgi. Amma abubuwa ukun da na lissafa babu wanda yake bukatar rancen ƙasashen waje a cikinsu. Zama a daidaita taswira, da ƙirga motoci, da shata fili, duk ayyuka ne da ake iya yi da abin da ke hannu. Wanda ya yi su, ranar da kuɗi suka samu shi za a fara dubawa, domin shi ne ya zo da hujja.

Game da suna kuwa, shawarata ita ce a bar shi sai ƙarshe, kamar yadda ba a raɗa wa jariri suna sai an haife shi ya kwana bakwai. In an zo raɗawa, a kira tasha da sunan garinta, Tashar Gwandu, Tashar Kalgo, Tashar Kamba, domin gwamnati takan wuce, kamfani yakan karye, amma gari yana nan. Kakanninmu da suka ga abin da farko ba su damu da abin da aka rubuta a jikinsa ba. Sun dubi ƙarfen da ya miƙe ba iyaka suka ce dogo, suka dubi abin da ke ɗaukar jama'a da kaya kamar na ruwa suka ce jirgin ƙasa, kuma waɗannan sunaye biyu sun ga bayan Lagos Government Railway da Baro-Kano Railway. Duk ɗan siyasar da ya zo Gwandu ko Kalgo da zanen tasha mai ƙyalli da sabon tambari, a tambaye shi inda dogon zai haɗu da na ƙasa, da faɗinsa, da kuma buhu nawa na albasa zai ɗauka a mako. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.